Girkin Italiya a Murhun Gida: Jagora ga Masu Girki a Gwaska da Ƙasar Birnin Gwari

Girkin gida na Italiya ya tsayu ne a kan kaya 'yan kaɗan: garin alkama, masara, shinkafa, wake, tumatir, albasa, tafarnuwa, mai da gishiri, sai ganye mai ƙamshi da cuku idan sun samu. In aka ɗebe man zaitun da busasshen cuku, babu ko ɗaya a cikinsu da ba a nomawa ko sayarwa a ƙasar Birnin Gwari. Masara da shinkafa da wake suna cikin rumbun manomin Gwaska, tumatir da barkono na fitowa daga fadama, madara na wajen Fulani, fulawa da taliyar leda kuma suna shago. Abin da ya raba tukunyar Italiya da ta Hausa yana hannun mai girki: yawan abin da take zubawa a miya, lokacin da take sauke taliya, da yadda take haɗa su biyun kafin a kai gaban masu ci.

Akwai ma tsohuwar dangantaka tsakanin tukwanen biyu. A shekarar 1154 masanin ƙasashe Al-Idrisi, wanda ya yi aiki a fadar Sarki Roja na Biyu a tsibirin Sisili, ya ambaci garin Tarabiya da ke kusa da Falamo, inda ake yin wani abinci na alkama mai kama da zare, mai suna itriyya, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Wannan yana cikin tsofaffin shaidu na busasshiyar taliya a Italiya, kuma sunan Larabci take ɗauke da shi. A wannan gefen na Sahara, gurasa da alkaki da alkubus duk sunayensu daga Larabci suka fito, sun shigo Kano tare da fataken Arewacin Afirka, kuma a cikin wannan dangi na abincin alkama taliyar murji ta zauna. Tumatir kuwa baƙo ne a ƙasashen biyu. Daga nahiyar Amurka ya iso Turai a ƙarni na 16, aka daɗe ana yi masa kallon tsoro. Sai a 1692 wani mai girki a birnin Nafoli, Antoniyo Latini, ya buga tsarin miyar tumatir a littafi, kuma sai a ƙarni na 19 taliya da miyar tumatir ta zama abincin kowa.

Kayan aiki

Dokar Italiya ta ce busasshiyar taliya sai da garin alkama mai tauri, irin da ake kira durum, saboda ita ce ba ta saurin caɓewa a ruwa. Sufageti da makaroni na kamfanonin Najeriya, irin su Golden Penny, suna zuwa a leda mai giram 500, kuma sun wadatar, illa dai wasunsu sun fi na Italiya saurin laushi, don haka suna son a tsaya a kansu. A lissafin Italiya leda ɗaya ta ishi mutum biyar ko shida, domin a can taliya share fage ce, nama ko kifi na biyo baya. A gidan da taliyar ce abincin gaba ɗaya, leda ɗaya ta mutum uku ce ko huɗu.

Man zaitun a ƙasar Hausa ya fi zama magani. A ƙananan kwalabe ake sayar da shi a shagunan magungunan Musulunci, da tsada, wani ma na shafawa ne. Man gyaɗa mai kyau, wanda masu ƙuli suka matse bai daɗe ba, yana riƙe wannan gurbi a kowane girki da ke tafe. Wanda ya samu man zaitun na ci, ya fi riba ya ɗiga cokali ɗaya a kan abinci bayan an sauke da ya ƙona shi a kasko. Man shanu ma ba bare ba ne, domin mutanen arewacin Italiya da shi suka fi girki. Manja ne kaɗai ba ya shiga: ɗanɗanonsa na rinjayar komai, abincin sai ya koma wani daban, ko da yake mai daɗi.

Tumatir na da lokacinsa. Daga Disamba zuwa Maris, da noman rani ya kankama, yana araha kuma yana da tsoka; da damina yakan yi tsada, ya cika ruwa da tsami. Dogon tumatir mai kauri, wanda ba ya da ruwa da yawa, shi ya fi dacewa. In ya yanke, akwai kauɗa. Mutanen kudancin Italiya ma suna tsaga tumatir su barbaɗa gishiri su shanya a rana kamar yadda ake yi a nan, kuma a kantunan Turai tsada yake yi. Kauɗa tana son a wanke ta sau biyu ko uku saboda ƙasa, a jiƙa ta a ruwan zafi rabin awa, sannan a markaɗa. Tumatirin leda ko na gwangwani ƙari ne: cokali ɗaya ko biyu na ƙara wa miya launi da kauri, amma shi kaɗai ba ya yin miya.

Ganyen da Italiyawa suka fi sa wa tumatir ɗan'uwan ɗoɗɗoya ne, dangi ɗaya suke. Ɗoɗɗoyar gida ta fi ƙarfi, don haka ganye huɗu ko biyar sun ishi tukunya. Masoro kaɗan na tsayawa a madadin baƙin barkononsu. Kori, tayim, citta, kanumfari da daddawa duk a ajiye su gefe. Dunƙule ma haka, ko a taƙaita shi ga guda ɗaya a ruwan nama. Wannan shi ne sharaɗin da ya fi wa hannun da ya saba wuya, kuma shi ne ginshiƙin girkin: ana son a ji tumatir a matsayin tumatir, tafarnuwa a matsayin tafarnuwa.

Littattafan girkin Italiya cike suke da naman alade da giya. Duk inda aka ce a soya naman alade a farkon girki, kitsensa da gishirinsa ake nema, kuma ɗan kitsen shanu ko na rago da aka yanka ƙanana na yin aikin. Inda aka ce a zuba giya, ɗan tsami ake so, sai a sa ruwan nama da ɗigon lemun tsami.

Dafa taliya

Ƙa'idar da ake koyarwa a Italiya ita ce lita ɗaya ta ruwa da giram 10 na gishiri ga kowane giram 100 na taliya. Leda ɗaya ke nan za ta ci lita biyar, wato ledar fiya wata goma. A inda ruwa sai an ja daga rijiya, itace kuma sai an shiga daji, wannan ɓarna ce. Lita uku sun isa, da babban cokali ɗaya da rabi na gishiri, muddin za a riƙa juyawa. Ruwan da bai yi yawa ba ma ya fi kauri da sitaci, kuma wannan kaurin yana da amfani nan gaba.

Sai ruwa ya tafasa sosai, yana tsalle, ake zuba gishiri da taliya. A kan murhun itace a gyara wuta tun kafin a zuba, domin idan tafasa ta tsaya taliya kan jiƙe ta manne. A juya ta da kyau a minti biyun farko, lokacin da ta fi saurin kama juna. Ba a zuba mai a ruwan. Yana yawo ne a sama, in an tace kuma ya lulluɓe taliyar ya hana miya kama ta. Italiyawa ba sa karya sufageti, har sukan ɗauki abin da zafi, amma wannan al'ada ce kawai ta masu naɗe taliya da cokali mai yatsu. Ga mai ƙaramar tukunya, ko gidan da yara ke ci da hannu, karyawa biyu ba ta rage komai.

Batun dahuwa ne ba ya karɓar sassauci. A nan an saba barin taliya ta yi luguf, wani lokaci har ruwan ya tsotse a jikinta. Italiyawa na sauke ta tana da sauran ƙarfi, abin da suke kira aldente, wato haƙori ya ji ya ciji wani abu. A duba mintocin da aka rubuta a leda, a fara ɗanɗanawa saura minti uku. In aka gutsura sili ɗaya aka ga ɗigon fari a tsakiya kamar tsinin allura, lokacin tacewa ya yi, domin sauran dahuwar a cikin miya za ta ƙarasa. Kafin a juye a gwagwa, a kamfaci kofi ɗaya na ruwan a ajiye. Ba a ɗauraye taliya da ruwan sanyi, don sitacin da ke jikinta shi ke riƙe miya.

Daga gwagwa sai cikin kaskon miya, yana kan wuta. A zuba rabin ludayi na ruwan da aka ajiye, a yi ta juyawa minti ɗaya zuwa biyu. Sitaci da mai za su haɗu su zama wani ruwa mai sheƙi da ke manne wa kowane sili. Saboda haka miya ce ke jiran taliya, a gama ta tukuna. Kuma da an sauke a ci, don taliyar da ta yi minti goma a kwano ta riga ta sauya.

Mai da tafarnuwa

Mafi sauƙin girkin taliya a Nafoli shi ne na tafarnuwa da mai da barkono, kuma duk wanda ya ci taliya da mai da yaji zai gane shi nan take. Ga leda ɗaya ana buƙatar mai babban cokali shida, tafarnuwa ƙwaya shida da aka yanka siri-siri, da busasshen barkono biyu ko uku da aka ɓarza. A zuba tafarnuwa a mai tun yana da sanyi, a ɗora a ƙaramar wuta, ko a janye itace a bar garwashi. Da ta fara sauya launi zuwa ruwan zuma sai a sa barkono, a kashe suyar da ludayin ruwan taliya. Tafarnuwar da ta yi baƙi ɗaci take yi, kuma ba ta da gyara sai a zubar a sake. A juye taliya a ciki a juya.

A kudancin Italiya, inda talauci ya daɗe yana hana mutane sayen cuku, sukan barbaɗa soyayyen garin burodi a kai. Burodin da ya kwana biyu, a busar da shi, a daka, a soya a ɗan mai da gishiri har ya yi ja. Yana ba taliya ƙaras-ƙaras, kuma ya fi kowane abu da ake samu a shagon ƙauye kusa da aikin busasshen cukun Farma, wanda ba a fitar da shi kasuwa sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye.

Miyar tumatir da ragu

Tumatir kilo ɗaya, kamar manya goma zuwa sha biyu, ya ishi leda ɗaya. A ɗan tsaga gindin kowanne, a tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya, a tsamo a jefa a ruwan sanyi. Ɓawon zai saluɓe da kansa. A matse 'ya'yan, a murƙushe tsokar da hannu. Wannan ya fi kai wa inji, domin injin markaɗe na niƙe 'ya'ya da ɓawo, ya shigar da iska, miyar ta fito da kumfa da tsami, ban da ragowar attarugun wani gida da ke biyo ta. A soya tafarnuwa ƙwaya biyu, ko ƙaramar albasa ɗaya, a mai cokali huɗu ba tare da ta yi ja ba. A zuba tumatir da gishiri, a bar tukunya a buɗe a matsakaiciyar wuta minti 20 zuwa 25, har ruwan ya janye, mai ya fara fitowa a gefe. Ɗoɗɗoya a ƙarshe ake yaga ta da hannu a jefa.

Ba a soya wannan miya ta ƙone kamar ta shinkafa, kuma ba a sa mata kanwa don kashe tsami, domin kanwa na dusashe launi da ɗanɗano. In tumatir ya cika tsami, rabin karas da aka goga ko ɗan sukari a bakin cokali ya isa. Mai son yaji ya soya barkono tare da tafarnuwa; a birnin Rum akwai irin wannan miya da sunanta ke nufin mai fushi. Soyayyen yalo a ciki kuma na kusantar da ita ga wata sananniyar taliyar Sisili.

Miyar nama ta birnin Bolonya ana kiranta ragu. Kalmar daga Faransanci ta fito, amma ta zauna daidai a kunnen Bahaushe, tunda miya ce da ake bari a wuta har ta ragu. Mutanen birnin sun ɗauke ta da muhimmanci har aka ajiye tsarinta a rubuce a cibiyar 'yan kasuwar Bolonya a 1982. Ana farawa da albasa ɗaya da karas ɗaya, da seleri idan akwai, a yanka ƙanana ƙwarai, a dafa su a man shanu a ƙaramar wuta minti goma har su yi laushi. A ƙara wuta, a zuba rabin kilo na naman shanu mai ɗan kitse. In babu injin niƙa nama, mahauci na iya daddatsa shi da wuƙa, wanda ma ya fi daɗin tauna. Nama ba ya wuya a yankin, musamman tun da aka sake buɗe karar Birnin Gwari a ƙarshen 2024 bayan rashin tsaro ya daɗe da rufe ta. A soya har ruwan naman ya ƙafe ya fara kama gindin tukunya, a kankare da ludayin romo da ɗigon lemun tsami, a zuba murƙushen tumatir kofi ɗaya da rabi. Tumatir a ragu kaɗan ne, nama ne gaba. A rufe, a bar kafa, a bari a kan garwashi awa biyu, ana ƙara ruwa in ta nemi kamu. Saura rabin awa a zuba rabin kofi na madara, wadda ke tausasa nama ta kwantar da tsami.

Taliya da wake

Taliya da wake da ake ci da mai da yaji a gidajen Hausa tana da takwara a kusan kowane lardi na Italiya, sai dai tasu mai romo ce, da cokali ake sha. A jiƙa wake gwangwani biyu, a dafa ba kanwa har ya yi laushi. A wata tukunya a dafa albasa da karas da tafarnuwa a mai, a sa tumatir biyu, a juye waken da ruwansa. A kwashi kashi ɗaya cikin uku a dame shi da ludayi a mayar, shi ne zai ba romon kauri. Sai a zuba rabin leda na makaroni ko kakkaryayyiyar sufageti a cikin tukunyar kai tsaye, ana juyawa don kada ta kama, ana ƙara ruwan zafi kaɗan-kaɗan. A sauke da sauran ruwa, domin tana ci gaba da sha bayan an sauke. Ɗan mai da masoro a kai, shi ke nan. A wannan girki babu ruwan da ake zubarwa.

Taliyar murji ta ƙwai

Injin murji na hannu da mata ke yin taliyar Hausa da shi, shi ne dai wanda ke ɗakunan girkin Italiya. Abin da ya bambanta shi ne kwaɓin. A yankin Bolonya ba a sa ruwa: ƙwai ɗaya ga giram 100 na fulawa, wato kimanin gwangwanin madara ɗaya da tozo. Ƙwan zabi, da ke yawaita da damina, ƙanana ne, sai a sa uku a madadin na kaza biyu. A murza kwaɓin minti goma har ya yi santsi, a rufe da kwano ya huta rabin awa. A shigar da shi inji daga kafa mafi faɗi, ana ninkewa ana maimaitawa, sannan a riƙa matse kafar har ya yi siririn da za a iya hango inuwar yatsu ta bayansa. A yanka da haƙoran faɗi, a barbaɗa fulawa. Ɗanyar taliya minti biyu zuwa uku take dahuwa. Wannan mai faɗin ita ce abokiyar ragu a Bolonya, domin nama na zamewa daga jikin sufageti. Mai ƙwai ba ta jure ajiya kamar ta ruwa, don haka a ci a ranar, ko a shanya ta bushe ƙarau a ci cikin 'yan kwanaki.

Masara da shinkafa

Ƙasar Birnin Gwari ƙasar masara ce, kuma arewacin Italiya, wajen Benis da Lombadiya, ya yi ƙarnuka yana rayuwa a kan tuwon masara da suke kira folenta. Sun dogara da shi har ya yi musu illa: a ƙarni na 18 da na 19 cutar felagira, mai lalata fata da hankali, ta addabi manoman da ba su da abin ci sai masara zalla. Shi ya sa ake haɗa ta da wake, madara ko nama.

Folenta ba ta son gari mai laushi irin na tuwo. Tsaki take so, mai ɗan laushi, tsakanin na fate da gari, kuma jar masara ta fi ba da launin da aka san ta da shi. Awo ɗaya na tsaki, awo huɗu na ruwa, da gishiri. Ba a yin talge daban. Da ruwa ya tafasa a riƙa zuba tsakin da hannu ɗaya kamar yayyafi, ɗaya hannun na juya muciya, don kada ya yi gudaji. A rage wuta, a ci gaba da juyawa lokaci-lokaci minti 40 zuwa 45, har ta fara sakin jikin tukunya. A sa man shanu cokali biyu. Ana cin ta da laushi, ta fi kunu kauri amma ba ta kai tuwo ba, da ragu ko miyar tumatir a kai. Wadda ta kwana takan daskare. A yayyanka ta a soya ko a gasa a kan garwashi, wato ɗumamen Italiya ke nan.

Rizoto kuwa shinkafa ce da ake dafawa ta yi yauƙin sitaci. Turararriyar shinkafa ba ta yi, amma shinkafar tuwo ta gida na yi. Ba a wanke ta sosai, a tsince a fece kawai. A dafa albasa a man shanu, a juya shinkafar a ciki minti biyu, sannan a riƙa zuba tafasasshen romon kaza ludayi-ludayi, sai wani ya tsotse a ƙara wani, ana juyawa, kimanin minti 18. A sauke ƙwayar na da sauran ƙarfi, a buga man shanu a ciki. Kabewa da aka yanka ƙanana tana tafiya da ita sosai.

Cuku da fiza

Farin cuku mai laushi ana yin sa a gida. A sami ɗanyar madarar shanu lita biyu, wadda ba ta yi tsami ba, a tace, a dafa har ta soma tafasa. Wannan dahuwa ce ke kashe ƙwayoyin cuta irin na tarin fuka da ke iya zuwa ta madara. A sauke, a zuba ruwan lemun tsami babban cokali huɗu zuwa biyar da ɗan gishiri, a juya sau ɗaya a ƙyale minti goma. Za ta tsinke kamar yadda ruwan waken suya ke tsinkewa wajen yin awara. A juye a ƙyalle mai tsabta a rataye rabin awa. Abin da zai fito bai wuce cikin kofi biyu ba. Ba ya narkewa ya yi zare kamar cukun mozarela na Italiya, amma yana daɗi a kan taliyar tumatir ko fiza. A inda babu firji a ranar ake cinye shi.

Fiza 'yar Nafoli ce, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu yin ta cikin al'adun duniya da ake karewa. A can tanda ce ta itace mai zafin da ya haura digiri 400, fiza na gasuwa cikin minti ɗaya da rabi. Tanderun gurasa na kusa da wannan zafi, amma tunda a bango ake manna gurasa, kayan sama ba za su zauna ba. Kasko mai kauri da murfin ƙarfe shi ne mafita. A kwaɓa fulawa rabin kilo da ruwa mai ɗumi kofi ɗaya da kwata, gishiri ƙaramin cokali biyu, yis ƙaramin cokali ɗaya da mai cokali ɗaya. A murza minti goma, a rufe ya tashi ya ninka, awa biyu da zafi, fiye da haka da hunturu. A raba huɗu, a dunƙula, a bari su ƙara hutawa rabin awa. Da yatsu ake faɗaɗa kowanne, daga tsakiya zuwa waje, a bar baki da ɗan kauri. A ɗora a kasko mai zafi minti biyu, a juya, a shafa murƙushen tumatir cokali uku a gefen da ya gasu, a rufe, a zuba garwashi a kan murfin kamar yadda ake gashin kek. Minti biyar zuwa bakwai sun isa. Ɗaya daga cikin tsofaffin fizar Nafoli, marinara, ba ta da cuku ko kaɗan: tumatir ne da tafarnuwa da ganye da mai. Kaya in sun yi yawa a sama, tsakiyar ba ta gasuwa.

Ragowa da ajiya

Taliyar da ta rage ba a zubarwa. A Nafoli akan kaɗa ƙwai huɗu da gishiri, a cakuɗa da ragowar kwano biyu, a soya a kasko a ƙaramar wuta har ƙasan ya yi ja, a kife a faranti a mayar a soya ɗaya gefen. Tana yankuwa kamar waina, kuma tana tafiya gona a ƙunshi. Mai nama a ciki dai kada ta wuce 'yan awoyi a zafi ba a sake dafa ta ba.

Iyalai a kudancin Italiya kan taru a ƙarshen bazararsu, wajen Agusta, su dafa tumatirin shekara su ɗura a kwalabe. A Gwaska lokacin wannan aiki Fabrairu ne ko Maris, sa'ad da farashin kwandon tumatir ke faɗuwa warwas. A zaɓi nunanne marar ruɓa, a wanke, a yanka, a dafa har ya saki jiki, a tace ta rariya a fitar da ɓawo da 'ya'ya, a mayar wuta ya ɗan yi kauri. A tafasa kwalabe masu murfin ƙarfe da ke rufuwa gam. A kowace lita a sa ruwan lemun tsami babban cokali biyu, domin tsamin ne ke hana ƙwayar cuta mai dafi tsira a cikin kwalba. Saboda wannan dalili ba a sa mai, albasa, tafarnuwa ko nama a ciki. A ɗura da zafi, a bar sarari kamar faɗin yatsa a sama, a goge baki a rufe. A shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, a jera kwalaben, ruwa ya shanye kansu, a tafasa minti 45 daga lokacin da tafasar ta kama. A bar su su huce, a ajiye a ɗaki mai duhu da sanyi, nesa da rufin kwano. Kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa ko wari da aka buɗe, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba. Wadda aka buɗe lafiya kuma a dafa abin cikinta a ranar.